Yadda Shamshon Bot Ya Soya Gahawar Adalci

Ranar Lahadi, takwas ga watan Oktoba, shekara ta 2023, da ƙarfe goma sha biyu da minti ashirin na rana, Shamshon Bot ya ɗaga kofin takarda sama a ɗakin sujadar 'yan Arewa da ke ƙarƙashin wani dogon gini a titin Grand Concourse na birnin New York, ya ce da babbar murya, "'Yan'uwa, zunubi muke sha!"

An tashi daga sujada ke nan, jama'a sun yi layi a gaban teburin Mama Yabo, shugabar zumuntar mata, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana dafa ruwan zafi kowace Lahadi ba fashi. Mai son shayi ta ba shi shayi. Masu wucewa aiki daga nan, ma'aikatan asibiti da direbobi, ta dama musu gahawar gwangwani, wadda aka fi sani da kofi, don kada barci ya sace su a bakin aiki.

Mama Yabo ta ajiye buta, ta dube shi daga hula har takalmi. "Zunubin ai kai ka ce in zuba maka cokali uku, ɗan'uwa Shamshon. Har ka ce madara ta yi kaɗan."

"Cikin jahilci na faɗa, Mama. Yanzu idona ya buɗe." Ya juya wajen jama'a. "Kun san wanda ya noma abin da ke cikin gwangwanin nan? Ba ku sani ba. Ni na sani. Talaka ne, an danne masa haƙƙi. 'Ya'yansa ba sa zuwa makaranta, suna gona suna tsinka. An sare itatuwan da ke yi wa gonar inuwa, tsuntsaye sun rasa gida. An yi feshin guba. Ku kuwa kuna nan kuna kurɓa kuna lumshe ido."

"To mene ne sunansa?" in ji Mama Yabo.

"Wa?"

"Talakan. Ka ce ka san shi."

"Mama, ana maganar duniya, kina maganar suna."

Shamshon mutumin Jos ne, ɗan shekara hamsin da huɗu, mai tsaron ƙofa a wani babban bene a Manhattan, ko da yake duk wanda ya tambaye shi aikinsa sai ya ce shi ne daraktan shiga da fita. A ƙasan benen akwai shagon gahawa mai tsada, a bangon shagon kuma akwai hoton wani manomi yana dariya, da rubutu a ƙarƙashinsa. Wata rana da ake ruwa Shamshon ya fake a wurin, ya karanta rubutun sau biyu. Iyakar karatunsa ke nan a kan gahawa, amma a ganinsa ya sauke.

Abin da yake nema kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya ya ƙaura Texas, aka sa ranar zaɓen wanda zai gaje shi goma ga Disamba. Sau biyu Shamshon yana neman kujerar dattijo yana faɗuwa, kuma ya riga ya gaya wa danginsa a gida cewa ya samu tun bara. Abokin takararsa wannan karon Nataniyel ne, direban bas, mutum marar surutu, wanda yakan zo da wuri ya jera kujeru, ya tsaya a ƙarshe ya tattara su.

"Jera kujera ba hangen nesa ba ne," in ji Shamshon, yana kallon inda Nataniyel ke ɗauke da kujeru huɗu. "Ku saurara. Ranar zaɓe, kafin a jefa ƙuri'a, zan shayar da ikilisiyar nan gahawar adalci. Daga hannun manomi zuwa bakinku, babu ɗan tsakiya. Har manomin zan nuna muku ido da ido."

Fasto Amana, tsoho mai haƙuri, ya ce, "To, Allah ya ba da iko." Waɗanda suka san Fasto sun san haka yakan ce in ya ga mutum ya nufi rijiya kuma ba zai ji kira ba.

A gida, hawa na huɗu a Morris Heights, matarsa Abigel ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Ita mai jinyar tsofaffi ce, ta saba da masu taurin kai.

"Baban Rifkatu, a ina ka san manomin gahawa? Kai da ko alayyafo ka shuka a taga sai ya mutu."

"Ƙanenki Ayuba ba a Gembu yake koyarwa ba? Mambila ai gidan gahawa ce."

Nan take ya buga wa Ayuba waya, ya miƙe tsaye don muryarsa ta yi nauyi. "Suruki, ka nemo mini manomi na ƙwarai. Ka gaya masa wani babban mutum ne daga Amurka, darakta, yake son ɗanɗana amfanin gonarsa. In ta yi masa daɗi, kamfani zai kafa. Zan aiko da kuɗi, a biya shi fiye da na kasuwa. Kada ka manta da darakta."

"Wane kamfani?" in ji Abigel.

"Mace, in ba ki kaɗa ganga ba wa zai fito rawa?"

Kafin saƙon ya iso, Shamshon bai zauna ba. Ya ga wa'azi a coci kaɗai ba zai isa ba, sai ya kai shi shagon Hajiya Damata a Fordham Road. Hajiya Damata 'yar Zangon Kumasi ce, tana sayar da doya da manja da busasshen kifi da gahawar gwangwani, a bayan shagon kuma tana da injin niƙa barkono. A ginin su Shamshon take zaune, hawa na uku, daidai ƙarƙashinsu. Asabar uku a jere yana zuwa ya tsaya kusa da kantar gwangwanaye, duk wanda ya miƙa hannu sai ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka san hawayen wa za ka sha?"

A Asabar ta uku Hajiya ta fito daga bayan kanta da tsintsiya. "Ei, Oga Shamshon! Ka zo sayayya ne ko ka zo korar mini kasuwa?"

"Na zo ceton lamirinki, Hajiya."

"Lamirina yana nan lafiya, da safe ma na gan shi. Takalmin ƙafarka fa, ka san wanda ya ɗinka?"

"Wannan wata magana ce."

"To ka tafi da ita waje, kai da takalmin."

Ya fita yana cewa wata rana za ta neme shi. Ta ce in ranar ta zo ya buga mata waya.

Ranar Alhamis, bakwai ga Disamba, saƙon ya iso. Wata 'yar ikilisiya da ta dawo daga gida ce ta kawo shi a akwatinta, ɗan buhu ne mai cin mudu shida, ya yi tafiyar kwana biyu tsakanin ƙullin daddawa da na kuka. Shamshon ya kwance bakin buhun a kan teburin cin abinci, ya leƙa.

Bai taɓa ganin ɗanyar gahawa ba. Shi a saninsa gahawa baƙa ce, mai ƙamshi. Wannan kuwa ƙwayoyi ne masu ruwan toka da ɗan kore-kore, masu tauri kamar tsakuwa, kowacce da tsaga a tsakiyarta, ƙamshinsu kuma na daddawa ne.

Abigel ta leƙa ta bayan kafaɗarsa. "Wake ne aka aiko maka. Ko in jiƙa mu yi alale?"

"Ke ba ki san komai ba. Wannan ita ce ta asali. Masu kuɗi kaɗai ke ganinta a haka."

Ya ɗebi cikin hannu ya tafasa a ruwa minti arba'in. Ruwan ya fito kamar wanda aka wanke ganye a ciki. Ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar, ya ce tabbas akwai alamar girma a ciki, sai dai tana son a ɗan taɓa ta da wuta.

Da yamma Nataniyel ya buga waya, don labari ya kai masa. "Ɗan'uwa, na ji ɗanya aka kawo. Akwai wani Bahabashe a layin da nake tuƙi, aikinsa ke nan, yana da injin gasawa. In kana so gobe in kai maka."

"Na gode, Nataniyel. Ka ci gaba da kujerunka." Ya kashe wayar, ya dubi Abigel. "Kin ji makirci? So yake ranar Lahadi a ce da hannunsa a ciki. Ni za a koya wa suya? Uwata shekara talatin tana soya gyaɗa a kasuwar Taminus. A bakin kaskonta na girma. Yashi kawai ake zubawa ya yi zafi, a juye ƙwaya a ciki, a yi ta motsawa. Gyaɗa ƙwaya, gahawa ƙwaya."

"A New York ina za ka samu yashi?"

Ya samu. A bakin ƙofar ginin akwai bokitin da mai kula da gini yake ajiye yashin da ake watsawa a matakala in ƙanƙara ta daskare. Abin da Shamshon bai tsaya tambaya ba shi ne, yashin a gauraye yake da gishiri.

Ranar Asabar da ƙarfe tara da kwata na safe, bayan Abigel ta tafi aiki, ya ɗora babbar tukunyarta ta dafa shinkafar biki a kan wuta, ya juye rabin bokitin yashi, ya jira ya yi zafi, ya zazzage mudu shidan gaba ɗaya. Minti goma na farko komai lafiya, har yana waƙa yana juya muciya. Daga nan ƙwayoyin suka fara ƙara tas-tas, ɓawonsu mai laushi ya fara tashi sama kamar fara, yana sauka a kan labule da gashin girarsa. Sai hayaƙi. Ba irin hayaƙin gyaɗa mai ladabi ba, wani shuɗi ne mai kauri da ya cika kicin ya nufi falo.

Na'urar ƙararrawar hayaƙi da ke rufin ɗaki ta fara ihu. Shamshon ya hau kujera ya kifa mata hularsa. Ya sauko ya tarar ƙasan tukunya ya kama. Ya buɗe ƙofar gida don hayaƙin ya samu hanya, hayaƙin kuwa ya samu, ya tafi kai tsaye ya tada ƙararrawar ginin duka.

Da ƙarfe goma saura minti biyar mutanen hawa shida suna tsaye a titi cikin sanyin Disamba, wasu da silifa, wasu da bargo, wata da kyanwa a hammata. Motocin 'yan kwana-kwana biyu suka tare hanya. Shamshon ne ya fito a ƙarshe, rungume da tukunya da tsumma, fuskarsa baƙi ƙirin, idanunsa jajir.

Hajiya Damata, wadda ta fito da zane ɗaya a kan rigar barci, ta tare shi. "Oga Shamshon, wa ya mutu ka ƙona?"

"Ba ƙonewa ba ne, Hajiya. Mataki ne."

"Mataki na nawa? Don in sani ko in kwashe kayana kafin na gaba."

Wani ƙaton ɗan kwana-kwana ya buɗe tukunyar, ya daɗe yana kallo, ya tambaya da Turanci ko me ya sa mutum zai dafa ƙasa. Shamshon ya gyara tsayuwa ya fara yi masa bayanin haƙƙin manoma da gidajen tsuntsaye. Mutumin ya saurara minti ɗaya, ya rufe tukunyar, ya ce in ya ƙara dawowa ginin nan saboda tsuntsaye, da 'yan sanda zai zo.

Da aka koma ciki Shamshon ya tankaɗe abin da rariya. Rabin ƙwayoyin sun zama gawayi, rabi ko ɗumi ba su ji sosai ba. Ya ce in aka haɗa su za su daidaita. Yashi ya zube ƙasa, amma ba duka ba. Gyaɗa sumul take, yashi ba ya samun wurin maƙalewa. Gahawa kuwa tana da tsagar nan, ga maiƙon da wuta ta fito da shi, kowace ƙwaya ta riƙe rabonta.

Ya zuba kaɗan a injin markaɗen Abigel. Injin ya yi gurnani sau biyu, ya yi wari, ya mutu. Ya mayar da shi cikin kwalinsa, ya tura can bayan kabad.

Saura injin mutum ɗaya a duk unguwar. Da ƙarfe biyu na rana sai ga Shamshon a ƙofar shagon Hajiya Damata, da buhu a kafaɗa da sallama mai tsawo.

"Ei! Ranar ce ta zo?" in ji Hajiya. "Amma kamar kai ka neme ni."

"Maƙwabci ai ɗan'uwa ne, Hajiya."

"Da safe ka kusa mayar da ni suya, yanzu na zama 'yar'uwa." Ta yi tsaki, amma mace ce mai zuciya. "Shiga. Sai dai yanzu na gama niƙa barkono da busasshen jatan lande na shito, yajinmu na Ghana. Ka bari a kwance injin a wanke, ya bushe. Awa biyu."

"Ruwa? A injin da gahawa za ta shiga? Hajiya, ruwa shi ne babban maƙiyin gahawa, kowane masani ya san haka. Ƙarfinta ma zai danne barkononki. Kunna kawai."

"Ka ji da kunnenka na ce a wanke?"

"Na ji."

"Ku ma kun ji?" ta tambayi masu sayayya. Suka ce sun ji.

Aka kunna. Injin ya fara wani kuka da bai taɓa yi ba, kamar ana jan ƙarfe a kan kwalta. Hajiya ta dafe ƙirji. "Dutse ka kawo mini?"

"A kan tsauni take fitowa, dole ta yi ƙarfi."

Kafin a gama, injin ya fara tari yana tsayawa. Shamshon ya ƙulle buhunsa ya fice da sauri, ya bar Hajiya durƙushe tana leƙen haƙoran injin.

Ranar Lahadi, goma ga Disamba, ya zo coci da babbar riga mai aiki har gwiwa. Tun kafin a tashi ya sa aka kawar da gwangwanayen Mama Yabo, har da madara da sukari.

"Su kuma me suka yi?" in ji Mama Yabo.

"Masana ba sa sawa. Suna ɓoye gaskiyar gahawa."

Ya juye garin a babbar butarta kamar mai dama koko, ya bar shi ya tafasa sosai, bai tace ba. Mutum arba'in da uku suka karɓi kofunansu. Fasto Amana ya yi addu'a, ya roƙa wa manoman duniya albarka, aka ce amin, kuma da yake shi ne babba, shi ya fara kurɓa.

Fasto ya riƙe abin a bakinsa. Aka ji haƙoransa sun yi ƙaras. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Mutum ne da bai taɓa tofar da abin da ya sa wa albarka ba, saboda haka ya haɗiye, ya buɗe baki zai yi magana, sai atishawa ta riga maganar fita.

Sauran jama'a sun riga sun kurɓa. Ɗakin ya cika da tari da ƙaras-ƙaras.

"Yaji!" in ji wata.

"Gishiri ne!"

"Ni kifi nake ji."

"Madalla!" in ji Shamshon, yana tafi. "Harshenku ya fara wayewa. A shagunan Manhattan kuɗi ake biya a koyi jin waɗannan. Wannan ɗan ƙaras ɗin da kuke ji, ƙasar Mambila ce da kanta take gaishe ku."

"To ka sha mu gani," in ji Mama Yabo.

"Mai rabo ba ya sha sai kowa ya samu."

"Kowa ya samu. Ga naka."

Ya karɓa, ya kurɓa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya yi murmushi da haƙora masu baƙin gari, ya ce da wata siririyar murya, "Ta yi."

Abin tausayi shi ne, har a nan bai faɗi ba tukuna. Mutanen ikilisiyar nan yawancinsu 'ya'yan manoma ne. Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce in dai talaka ya samu haƙƙinsa, ita za ta iya shan abin da ya fi wannan. Wasu suka gyaɗa kai. Da Shamshon ya zauna a nan, wataƙila da labarin ya canja. Amma ya yi alkawarin ido da ido.

Aka haɗa wayarsa da na'urar da ake haska waƙoƙi a bango. Can Mambila an yi magariba, sai ga Ayuba a jikin bango riƙe da fitila, a gefensa wani dattijo mai farin gemu ya ci ado da rigar sallah.

"Ga Malam Mahamudu, manominmu," in ji Shamshon. "Malam, ga jama'ata."

Dattijon ya durƙusa har ya ɓace daga bangon, ya sake ɓullowa. "Ranka ya daɗe, Darakta! Allah ya ƙara girma!"

Wani ya yi dariya a baya. Shamshon ya ɗaga murya. "Malam Mahamudu, gaya wa jama'a da bakinka. An biya ka haƙƙinka cikakke ko ba a biya ka ba?"

"Kuɗi? Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe! Ina ni ina karɓar kuɗin babban baƙo? Ai sai garin nan su yi mini dariya. Malam Ayuba ya miƙo, na ce ya mayar aljihunsa. Tsaraba ce."

A jikin bango Ayuba ya fara duban sama, kamar mai neman wata.

"Ayuba," in ji Abigel daga kujerarta. "Ina kuɗin suke?"

"Yaya, layin ba ya da kyau."

"Yana da kyau. Har sabon agogonka ina gani."

Shamshon ya miƙa hannu zai katse wayar, Mama Yabo ta riga shi, ta tsaya tsakaninsa da teburin. "Sannu, Malam. Ina gajiya? Yara fa, suna lafiya? Suna zuwa makaranta?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ai yaran sun yi ƙoƙari. Da aka ce Darakta na sauri, kwana huɗu ba wanda ya leƙa makaranta, suna gona suna tsinka. Malam Ayuba ma ya taimaka mana da 'yan ajinsa, Allah ya saka masa."

"Darasin aikin gona ne!" in ji Ayuba.

"Kuma a gaya wa Darakta hanya ta samu," dattijon ya ci gaba, fuskarsa cike da farin ciki. "Manyan itatuwan nan biyu da ke yi wa gonar inuwa, tun na kakana, mun sare su, don motarsa ta iya shiga in ya zo kafa kamfanin. Ba mu bar komai ba. Har buhun ma sai da na sa aka yi masa feshin maganin ƙwari, mai ƙarfin, kada a ce ƙwaro ya shiga Amurka daga gidana."

Mutum arba'in da uku suka dubi cikin kofunansu a lokaci ɗaya.

"A bayan buhu ne kawai!" Ayuba yana ihu daga bango. "Kuma an sake buhu!" Amma ba mai jin sa. Famfo ɗaya ne a ɗakin, jama'a suka yi kansa, babbar riga da ɗankwali suna gogayya. Ma'aikatan jinya shida suka shiga duba harsunan mutane. Ana cikin haka sai ga Hajiya Damata ta sauko matakala da wani ƙarfe a hannu, ta yi sallama, ta ce a gafarce ta da shigowa wurin ibada, amma tana neman mutumin da ya niƙa mata yashi a inji.

"Yashi?" in ji Mama Yabo.

"Na bakin ƙofarmu, na ƙanƙara. Mai kula da gini ma yana neman bokitinsa."

Da hankali ya ɗan kwanta, aka tabbatar ba wanda zai mutu, Fasto Amana ya miƙe. Muryarsa ta dushe, amma ya ce an sa ranar zaɓe yau, kuma yau za a yi. Aka raba takardu, aka tattara a faranti, aka ƙirga a gaban kowa. Nataniyel ya samu arba'in da ɗaya. Shamshon ya samu biyu.

Shamshon ya dubi Abigel, idonsa ya kawo ruwa. "Na gode, uwargida. Ko duniya ta juya baya..."

"Kada ka dube ni. Na ga injina a bayan kabad."

Nataniyel ya yi gyaran murya daga inda yake naɗe kujeru. "Ni ne na jefa maka ta biyun, ɗan'uwa. Ban iya rubuta sunana da hannuna ba, kunya nake ji."

Da ƙarfe biyu da minti goma jama'a sun watse, kowa da gorar ruwa a hannu. Waɗanda suka rage a ɗakin su ne: Fasto Amana, zaune yana taɓa haƙorinsa na gefe da harshe; Mama Yabo, tana kankare laka daga gindin butarta da cokali; sabon dattijo Nataniyel, da tsintsiya; Hajiya Damata, wadda ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba mai fita da babbar riga sai an yi maganar inji; Abigel, da jakarta a cinya; Shamshon Bot, tsaye da kofinsa da bai san inda zai ajiye ba; sai kuma Malam Mahamudu a jikin bango, don ba wanda ya tuna ya kashe na'urar, ya jawo babban ɗansa gaban fitila da akwati a hannu, yana tambaya cikin ladabi ko wace rana Darakta yake so yaron ya fara aiki.